Daron da ke Ƙarƙashin Tebur

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina koyarwa, har da fuskokin ɗaliban da na kayar a jarrabawa. Amma akwai abu ɗaya da na san da shi zan shiga kabari, wato ranar da na sa hannu a kan aikin da ban gama dubawa ba, da abin da wannan sa hannun ya jawo wa wani dattijo a kasuwar Bakura.

Ni ɗan mahauta ne, a Talata Mafara aka haife ni, kuma na iya riƙe wuƙa tun kafin in iya riƙe alƙalami. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, yana da doka a rumfarsa, wadda duk mahaucin kirki a yankinmu ya san ta. Abin da ke bisa tebur na sayarwa ne, abin da ke cikin daro a ƙarƙashin tebur na zubarwa ne. Hantar da aka tsaga aka ga tsutsa, da huhun da ya yi ƙurji, duk daro suke tafiya, in an tashi kasuwa a je a binne. Daga baya na yi boko, na karanci lafiyar dabbobi, na zama malami a wata babbar makaranta. Abokan aiki suna tsokanata da "Dakta ɗan fawa", ni kuma in ce musu in ba don mu ba da wake za su ƙare.

A aikinmu ba a ƙara wa malami girma sai ya buga maƙaloli a mujallun ilimi. Ita kuma mujalla ba ta buga maƙala sai ta tura wa wani masani ya tantance ta, a ɓoye masa sunan marubucin, shi ma a ɓoye nasa. In ya ce ta yi, a buga, in ya ce ba ta yi ba, a mayar wa mai ita. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina a wannan fage. Jan birona ba ya barin ko waƙafi ya wuce, kuma ina jin daɗi in ana cewa ni mai tsauri ne.

Wata Laraba editan wata mujalla, tsohon abokin karatuna, ya kira ni a waya. Ya ce akwai maƙala a kan tsutsar hanta a shanun da ke kiwo gefen ruwan Bakolori, waɗanda ake yankawa a kasuwannin Mafara da Bakura da Maradun.

"Kai na zaɓa, mutumina, don kai ɗan gida ne, ka san nama ciki da waje," in ji shi. "Amma don Allah zuwa Juma'a. Masu neman ƙarin girma sun hana ni sakat."

Saƙon ya zo kashi biyu, rubutu daban, hotuna daban. Rubutun ya buɗe nan take, na karanta shi tsaf, na gyara Turanci, na kamo littafin da aka ambata ba daidai ba, har ina murmushi ni kaɗai a ofis. Hotunan ne suka ƙi buɗewa, sabis ya yi ta kai-komo, na gwada sau biyu na haƙura. Ranar Juma'a da safe ina zaune gaban fom ɗin tantancewa, abokai suna ta danna mini hon a waje, za mu ɗaurin aure Maradun. A fom ɗin akwai tambayar ko na duba hotuna da bayanin da ke ƙarƙashinsu, da ta ko mutanen da aka ɗauka sun yarda. Na ce a raina hoton hanta ai hoton hanta ne, na ga dubunta. Na amsa da e, na sa hannu, na tura, na ɗauki hulata. Ban fi minti ɗaya ina wannan tunani ba.

Bayan wasu watanni, wata rana da yamma na dawo gida, uwargida ta tare ni da waya a hannu. Ta ce in daina yi musu tsarabar naman Bakura, ga abin da ake ta yawo da shi a zauren matan unguwa. Na karɓa ina shirin yi mata dariyar yarda da duk abin da aka turo, sai na ga abin ba na dariya ba ne.

Hoton daro ne cike da hanta mai tsutsa, a gaban wani tebur mai koren fenti. Ba a ɗauki fuskar mai rumfar ba, amma hannunsa na hagu yana riƙe da bakin daron, hannun da babu rabin ɗan yatsa ɗaya. Duk wanda ya taɓa sayen nama a kasuwar Bakura ya san wannan hannu. Ni kuwa na san ranar da wuƙa ta cire yatsan, don mahaifina ne ya ɗaure masa shi. Aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa tun ina yaro. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa wannan hanta ce mai cuta da ake sayar wa jama'a, wani ya fassara da Hausa ya ƙara gishiri. A saman hoton kuma ga sunan mujallar nan da na tantance wa maƙala. Na zauna a bakin rijiya.

Da a ce na buɗe hoton nan tun farko, da kallo ɗaya ya ishe ni. Daro ne, ba tebur ba, har ga sawunsa a ƙasa inda aka jawo shi waje. Wanda bai tashi a fawa ba ba zai gane ba, shi ya sa aka ba ni aikin.

Ranar kasuwa na hau babur na tafi Bakura. Rumfunan da ke gefen ta Baba cike da masu saye, tasa kuwa nama na rataye har ya fara bushewa, shi yana zaune yana korar ƙuda da mafici. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki da gajiyar hanya, kamar babu abin da ke damunsa. Sai da na ce na ga hoto, sannan ya ajiye maficin.

"Wani yaro na yaz zo, yac ce shi ɗalibi na, shina bincike," in ji shi. "Duk 'yan'uwana sunka kore shi. Ni nit tuna da kai, nic ce ɗiyanmu ma hakanga sunka yi karatu. Ni nij jawo mishi daron da hannuna, don shi ga irin wadda ba mu saidawa."

Ya ce masu tsire sun janye, mata masu abinci sun janye, har wanda ya yi shekara da shekaru yana sayen naman suna a wurinsa yanzu sai ya kau da kai in ya zo wucewa. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Can sai ya dube ni ya ce, "Dakta, in tambaye ka. Mu nan ba a rataye nama sai an duba shi. Ku can wajenku, in yaro ya yi rubutu, babu wani babba da ka dubawa kahin a hidda shi duniya?"

Na ce, "Akwai, Baba."

"To wanda yad duba wanga bai san hwawa ba," in ji shi. "Allah shi shirye shi."

Na ce amin. Wallahi amin na ce, da bakin nan nawa. Na sayi nama fiye da abin da gidana ke iya ci, na ɗaure a bayan babur, na gudu. Har yau in na tuna wannan amin ɗin sai in ji kunyar kaina.

Washegari na kira editan na faɗa masa komai. Ya fara da cewa ai ba a sa sunan kowa ba, ba a ga fuska ba, in bar maganar ta mutu kada in ɓata sunan mujalla da nawa. Na ce masa a garinsu mutum hannunsa ma suna ne. Ya tuntuɓi marubucin, ashe yaron ba mugunta ya yi ba. Bai fahimci abin da Baba ke nuna masa ba, ya ga hanta a rumfar mai nama, ya ɗauka ta sayarwa ce, kuma ko a ransa bai zo ba cewa ya kamata ya nemi izinin buga hoton. Ya rubuto takardar ban haƙuri, ni ma na rubuta tawa, na amsa cewa ban duba hotunan ba. Aka yi ta zama ana ɗagawa, sai a fitowa ta biyu bayan nan aka buga gyara, layi huɗu a shafin ƙarshe. Na ɗauki hoton gyaran na fassara, na tura duk zauren da nake ciki, na roƙi uwargida ta tura na mata. Mutum biyu suka amsa, ɗaya ma tambaya ya yi ko wace hanta ake magana.

Da na koma Bakura da mujallar a hannu, na tarar da mai cajin waya a kan koren teburin. Aka ce Baba ya bar fawa, yana gida. Na same shi a ƙofar gida bisa tabarma, ya rame, hannun nan nasa yana cikin aljihun riga, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Bayan gaisuwa na karanta masa gyaran, ya saurara har ƙarshe, ya ce madalla, Allah shi yi albarka. Na ga in na tashi a haka to na sake guduwa.

Na ce, "Baba, babban da ka tambaya, wanda ya duba rubutun nan. Ni ne. Ban buɗe hoton ba, na ce na gani."

Ya dube ni da kyau, kamar yana neman fuskar mahaifina a tawa.

"Kai?" in ji shi. "Da baƙo na, sai in ce bai sani ba."

Ya ce Allah shi yahe muna baki ɗai, ya sa aka kawo mini ruwa, ya raka ni har wurin babur duk da na roƙe shi ya zauna. Na yarda ya yafe mini, don ba mutum ne mai faɗin abin da ba shi a zuciyarsa ba. Amma bai sake komawa kasuwa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da na koya ba a aji na koya shi ba. Sa hannun mai tantancewa shaida ce, kuma wanda ya ce ya gani alhali bai gani ba ya yi shaidar zur, ko da a kan hoton hanta ne. Na ɗauka ina duba takarda ne, ashe mutuncin mutum aka ɗora mini a hannu. Har yanzu ana turo mini maƙaloli, kuma editoci na ƙorafin na cika jinkiri. In abu ya ƙi buɗewa sai in jira, in ya ƙi gaba ɗaya sai in rubuta musu kalma uku, ban gani ba. Da na rubuta su ranar Juma'ar nan, da Baba ya tsufa a rumfarsa.