Wayar da Bahago Ya Yanke

Yayata Maijidda ta rasa aikinta ne saboda ta iya shi. Duk wanda ya gaya maku wani dalili daban, ku turo mini shi unguwarmu Ƙofar Gayan mu yi ta.

A gidan kakarmu Iya Nana muka tashi, a cikin birni. Gidajen layinmu duk na dangi ne, kuma kowace katanga tana da 'yar ƙofa da mata ke bi su shiga maƙwabta ba sai sun fita titi ba. Wata shekara aka yi faɗa, wani kawunmu ya kwaɓa ƙasa ya toshe tasa ƙofar, alhali ta nan ake kai wa gwaggonmu marar lafiya abinci. Iya Nana ta sa aka zuba tuwon a kwano. Ta ɗora wa Maijidda kwanon, ta nuna mata ƙofar bayan madafi. Tuwon ya zaga ta wasu gidajen, ya isa da zafinsa.

Maijidda ta karanta kwamfuta a jami'a tun mutanen unguwa na ɗaukar abin wani irin talabijin. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, sai a wajajen 1993 ta samu aiki a wani kamfanin sayen auduga. Kamfanin yana da kwamfutoci a wurin awo, da sito, da ofishin manaja, duk a jere kan waya ɗaya. Ɓera ya ci wayar, ko lebura ya ja ta da buhu, sai komai ya tsaya cik, manoma su yini a rana da kayansu.

Wanda ta gada, Malam Lado, ya daɗe yana cin sarauta da wannan waya, don shi kaɗai ya san inda ta bi. In ta tsinke, mota ake turawa gidansa, ya zo yana taku ɗai-ɗai, manaja da kansa na yi masa sannu da zuwa. Da zai yi ritaya ya ja Maijidda gefe ya ce, “'Yar nan, kar ki yarda abin nan ya daina lalacewa. Ranar da suka daina nemanki, sun manta da ke.”

Ta yi masa godiya, sannan ta yi akasin haka, don taurin kan Iya Nana ta kwaso kaf. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta hau tsani da kanta, ta ja waya ta biyu ta bayan sito. Ta rubuta wa na'urorin umarni: kowace ta riƙa gaida maƙwabciyarta a kai a kai, in ta ji shiru ta juya saƙon ta ɗaya hanyar, ba sai ta jira mutum ba. Alama kawai ke fitowa a allon Maijidda, ta je ta gyara a natse, aiki bai tsaya ba.

Na ce mata, “Yaya, kina korar kanki da hannunki.”

Ta ce, “Lami, manomi ya taso daga ƙauye tun asuba, in shanya shi a rana don manaja ya riƙa gaishe ni? Allah ya sawwaƙe.”

Haka kuwa aka yi. Kasuwar auduga ta faɗi, aka ce za a rage ma'aikata. Manaja ya duba ya ga tunda matar nan ta zo bai taɓa tura mota gidanta ba, bai taɓa ganin ta a guje ba. To me take yi? Ya sallame ta. Ranar na yi zage-zagen da sai da na yi istigfari. Ita ko ta naɗe jakar kayan aikinta ta tura ƙarƙashin gado, ta koma buga wa ɗalibai takardu a wani shago a unguwar Kongo, abin da ba ya ko isar cefane.

Ana nan, wata rana da la'asar, aka yi sallama a zaure. Malam Bahago ne, dattijon da ke kan sikeli a kamfanin, mutumin da ke ganin girmanta ƙwarai. Ya zauna yana ta murza hula.

“Malama Maijidda, na yi ɓarna,” in ji shi. “Yau ranar cika ce, manoma sun yi cincirindo, motoci har bakin titi. Na zaga na sa almakashi na datse wayar. Na ce in abu ya tsaya, dole su turo maki mota.”

Ta gyara zama. “Sai aka yi yaya?”

“Na koma kan sikeli ina jira a yi ihu. Wallahi ko tari abin bai yi ba. Har aka tashi ba wanda ya sani.”

Ban taɓa jin Maijidda ta yi guɗa ba, ko a bikina, sai ranar. Ta rangaɗa ta a zauren har yara suka leƙo. Tana dariya, hawaye na zuba, tana cewa, “Ranar cika! Kuma bai tsaya ba!”

Ni ban ga abin dariya ba, yaranta nake gani. Na ce, “To Malam, gobe ka datse ta biyun mana.”

Ta juyo ta dube ni, dariyar ta ɗauke. “Kar in sake jin wannan a bakinki.” Ta shiga ciki, ta jawo jakar, ta kaɗe ta. Ta ce wa Bahago yanzu abin a kan hanya ɗaya yake tafiya, ɓera guda ya isa ya kwantar da shi, don haka da safe ya jira ta a bakin ƙofar kamfani.

Na bi ta, don in ga iyakar abin. Maigadi ya bar mu muka shiga a matsayin baƙin Bahago. Tana durƙushe a gindin bango, bakin wayar biyu a hannunta, sai ga motar manaja. Ya sauke gilashi, ya gane ta, ya dubi wayar.

“A'a, Malama, ke ce? Akwai matsala ne?”

Ga shaida a hannunta. In ta ce “akwai” kawai, zai ga ana buƙatarta, ta koma kujerarta. Bahago ma ya zuba mata ido.

Ta haɗa wayar, ta naɗe ta, ta miƙe tana karkaɗe zani.

“Babu, ranka ya daɗe,” in ji ta. “Ba kuma za a samu ba.”

Ya ɗaga gilashi ya wuce. Muka fito muka tsaya jiran motar Kongo, don ta makara a shago. Ni har yau ban huce ba. Ita kuwa duk hanya murmushi take yi, jakar na kan cinyarta.