Ranar Da Aka Kira Baba Ɓarawo

Har yanzu in aka buga ƙofar gidanmu da ƙarfi sai na leƙa kafin in buɗe.

Babana dillalin hannun jari ne. Lokacin da gwamnati ta fara sayar da kamfanoninta, shi ya riƙa bin rumfunan Babbar Kasuwa yana lallashin 'yan tireda da masu yadi su saya. Ni kuwa na gama sakandare ke nan, ina buga masa takardu a ofis. Duk azumi yakan cire wani abu daga la'adarsa ya sayo gero a kasuwar Rigachikun, mu raba a ƙofar gidanmu a unguwar Kinkinau, kamar yadda kakanmu ya saba.

Akwai wani mai yadi da Baba ke ce wa ƙanena, shi ma ya sayi hannun jari ta wajen Baba. Shi a tunaninsa hannun jari adashi ne, kwasarsa na nan tafe. Da farashi ya faɗi, sai ga shi ranar rabo, ina tsugune da mudu a hannu.

"Alhaji, yau kwasata ce."

"Ƙanena, ai na gaya maka wannan ba adashi ba ne. Shigo mu yi magana."

"In shigo ina? Da gumina kake ciyar da unguwa." Ya juya wajen layin masu karɓar gero. "Jama'a, geron sata kuke karɓa."

Wani ya ce ɓarawo. Ban ga wanda ya fara jifa ba. Na dai ga hular Baba cikin kwata, jini na bin gemunsa, waɗanda na gama auna wa kuma suna jan buhu. Idonsa na hagu bai sake gani ba.

Baba ya ce a bar wa Allah. Shi ya bari, ni ban bari ba.

Bayan babbar salla farashi ya tashi. Mai yadin ya zo ofis yana sunne kai, yana son a sayar masa da hannun jarinsa, ga shi bai san wani dillali ba. Teburina ne a bakin ƙofa. Na ce Alhaji ba ya nan, alhali Baba na ciki. Na bar shi a benci har azahar.

"'Yata, ki taimaka."

"Ni ba 'yarka ba ce. Ka dawo gobe."

Ya dawo. Na sake ce masa gobe.