Mai Rediyon da Ya Kori Yara

Kullum da hantsi Baba mai rediyo zai buɗe shagonsa, ya share ƙofa, ya jona ƙarfen narka dalma, ya zauna shi kaɗai cikin matattun talabijin. Tun rasuwar matarsa ba shi da abokin hira sai rediyon da yake gyarawa, shi ma da ya fara magana mai shi zai zo ya ɗauke.

A da, yaran layinmu a nan suke yini. Yana raba musu tsofaffin batura da kayan cikin rediyo suna haɗa motar wasa. Batir kuwa da harshe suke gwada shi, yadda suka ga manya na yi. Jikarsa, wadda yake tsokana da amarya, ita ke riƙe masa zaren dalma, kuma a baki take riƙewa kamar kakanta.

Sai ciwon ciki ya sa yarinyar a gaba, karatu ya daina shiga. Likita ya ce gubar dalma ce a jininta.

Washegari tela maƙwabcinsa ya ji shi yana daka wa yara tsawa: "Kada in ƙara ganin ƙafar kowa a nan!" Da suka watse, in ji tela, ya juya wa ƙofa baya, har azahar bai taɓa komai ba. Ya bi gida-gida ya karɓe abin da ya raba, iyaye suka ce tsufa ya zo masa da rowa. Masu sayen tarkace, waɗanda ke sa yara ƙona wayar lantarki don ciro jan ƙarfe, sun yi zarya sun gaji, ko ƙusa bai sayar musu ba.

Baba, kai ne ka yarda yara su tsane ka, muddin suna da lafiya. Jikarka ta samu sauƙi, amma har ta girma daga tsallaken titi take gaishe ka. Wallahi abin yana taɓa min zuciya.

Ƙarshen watan nan Baba zai rufe shago, ido ya yi rauni. Na ce, "Baba, sai hutu ke nan?"

Ya ce, "Babbar tabarma zan saya, ɗana. Ka gaya wa yara gidana babu dalma, su zo."

Waɗanda ya kora sun girma. Ƙannensu kuwa da sun hango shi gudu suke yi.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Masu gyara, ku yi koyi da shi. Mu kuma iyaye, mu kama hannun yaranmu mu kai su su gaishe shi.