Ƙuri'un da Baba Bai Samu a Gida Ba

Shekaranjiya na biyo ta wata kwana a Kazaure, na tarar da samari suna manna fastocin 'yan takara a bango. Ƙanshin dafaffen sitacin da suke shafawa ya bugi hancina, na tsaya cak. Irinsa muka yi ta damawa a tsakar gidanmu shekarar da Baba ya tsaya takarar majalisar tarayya, lokacin ina 'yar firamare.

Ƙauyenmu yana tsakanin Roni da Gwiwa, kuma akwai rafin da ke raba mu da titi duk damina. Baba malamin makaranta ne. Jam'iyyarsa ƙarama ce, ofishinta shago ɗaya da benci. A kan babur ya zaga mazaɓar, daga kasuwa zuwa kasuwa, ya dawo da yamma fuska ta yi baƙi saboda ranar bazara. Manyan 'yan takara biyu ne: wanda ke kan kujerar, da wani ɗan kasuwa da ke neman ture shi. Baba ne na uku. Kowa ya san haka, ban da mu yara, da muke ta yi wa juna alkawarin zuwa Abuja.

Sai na gaya muku wani abu game da Inna, mahaifiyar Baba. Shi ne ɗanta na fari, don haka tana kunyarsa. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Idan tana da magana, sai ta aika, ko ta faɗa wa iska shi kuma ya tsinta. Kafin zaɓen nan, autarta, Gwaggonmu, ta rasu a bakin rafin, a kan amalanke, tana naƙuda ana jiran ruwa ya janye. Mai kujerar ya zo gaisuwa, ya yi alkawarin gada, bai sake waiwayar mu ba.

Da zaɓe ya matso, matan unguwa suka riƙa cika rumfar Inna da sunan ɓarar gyaɗa. Na lura da zarar na shigo sai hira ta mutu, amma ban kawo komai a raina ba.

Ranar zaɓe, bayan la'asar, aka zazzage akwati a gindin tsamiyar makarantarmu. Malamin zaɓe yana ɗaga ƙuri'a, yana kiran jam'iyya, jama'a na amsawa. Tarin ɗan kasuwa ya yi ta hawa. Na Baba kuwa, iska ma sai da aka danne mata shi da ɗan dutse. Da aka gama, abin da ya samu bai kai yawan manyan da ke cin tuwo a gidanmu ba.

Wani daga baya ya ce, "Kai! Ko gidansu ba su yi shi ba!"

Aka kwashe da dariya. Baba yana tsaye, hannuwa a baya, yana murmushin da bai kai ido ba. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baffannina suka sunkuyar da kai, suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Bayan magariba Baba ya zo ƙofar ɗakin Inna ya durƙusa. Ina ciki ina ninke mata kaya.

"Inna, an ce ke kika ce wa mata su yi ɗan kasuwan nan."

Ta juya fuskarta bango. "A gaya wa mai gidan nan ni ce. Da an raba ƙuri'a, wanda ya yi mana ƙarya ne zai koma. Ni gada nake so."

Baba ya ce, "Wallahi Inna, da an sanar da ni, da na janye. Da bakina zan bi gida-gida in ce a yi shi."

"Da wane bakin zan faɗa?" in ji ta.

Ranar na fara ganin Inna tana kuka ba mutuwa aka yi ba.

Ɗan kasuwa ya ci, kuma gadar an yi ta, ko da yake an ja lokaci. Lissafin Inna ya fita. Amma jam'iyyar Baba a nan ta mutu a yankinmu, don babu wanda ya ƙara yarda ya ɗauki tutarta bayan abin da aka gani a gindin tsamiya. Shagon ma tela ne ya karɓe shi. Baba bai sake takara ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. Mu ne muka kasa sakewa. Har Inna ta koma ga Allah, in lokacin zaɓe ya zo gidanmu sai ya yi tsit, kamar ana zaman makoki.

Yanzu irin wannan lissafi a fili ake yinsa. A rediyo da wayoyi kowa cewa yake kada ka ɓata ƙuri'arka a kan wanda ba zai ci ba, ba a ko rage murya. Ban sani ba ko ci gaba ne.

Bara wasu matasa da suka kafa reshen wata sabuwar jam'iyya suka zo neman albarkar Baba, suna cewa nan gaba mazaɓar tasu ce. Ya saurare su har suka gama, ya yi musu addu'a. Sannan ya ce, "Kafin ku fita neman jama'a, ku koma gida ku tambaya. Kuma ku tambaya ta yadda za a iya ce muku a'a."

Suka yi dariya, sun ɗauka barkwancin tsoho ne. Ni kuwa tashi na yi, na ce bari in kawo musu ruwa.