Kwana Goma a Lokar Sajan Sikeli

Daga Allah muka fito, kuma babu wata hanya sai ta komawa gare Shi. Ranar Asabar, takwas ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran Sajan ɗinmu, mai kula da lodin jirgin dakon kaya, wanda kowa a sansanin sojan sama ya fi sani da Sikeli. Ya rasu a asibitin sojoji, kwana biyu bayan raunin da ya samu a cikin jirgi yana bakin aikinsa. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da ƙani ɗaya, da mu makanikai da muka shekara ashirin muna kallon bayansa duk lokacin da ƙofar jirgi za ta rufe.

Sajan, ni ne shugaban garejin gyaran jirage, wanda ka laƙaba wa Sifana. Ka san rubutu ba sana'ata ba ce, hannuna ya fi sabawa da baƙin mai. Amma maganganun da na ji a ƙofar gidanka sun hana ni sukuni, kuma tunda kai ba ka nan balle ka ba da amsa, ni zan bayar.

Cewa suke yi da ka tsaya a ƙasa da yanzu kana raye. Wani ma har da karkata kai, wai me ya kai ka sama, kai ba matuƙi ba, ba hafsa ba. Na yi shiru a wurin don girman gidanka, amma wallahi zuciyata tafasa take yi. Mutumin da bai taɓa ganin cikin jirgin kaya ba shi ne zai auna maka rayuwarka?

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayani. Mutane da yawa sun ɗauka matuƙa biyun da ke gaba su ne jirgi. A bayansu akwai ƙananan sojoji, masu igiya a hannun riga, ba masu anini a kafaɗa ba. Akwai mai kula da injin yayin da ake tafiya, akwai mai zura igiya daga helikwafta ya ciro mutum daga ruwa, akwai mai lodi irinka. Duk shekara akan buɗe ƙofa ga sojan ƙasa, direba ne ko ɗan sito ko makaniki, ya cika fom, shugabansa ya sa hannu, ya yi jarrabawa, likita ya duba shi, in ya tsallake a horar da shi ya koma ma'aikacin cikin jirgi. Kai daga sito ka fito, kuma ba ka taɓa ɓoye hakan ba.

Ba a banza aka sa maka Sikeli ba. Babu abin da ke shiga jirginka sai ya hau ma'auni, daga akwatin magani har jakar fasinja. Ban manta ranar da wani babban hafsa ya zo da ƙarin akwatuna biyu da ba sa cikin takarda ba. Kowa ya sunkuyar da kai, matuƙi ma ya shiga duba agogo. Ka sara masa da kyau, ka ce, "Ranka ya daɗe, jirgin nan bai san anini ba, kilo kawai ya sani." Ya yi ta faɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ko a jikinka. Akwatunan nan a mota suka bi shi, kai kuma ka sha takardar gargaɗi, ka ninke ta ka sa a aljihu.

Haka kake da bel ɗin ɗaure kaya. In an gama ɗauri sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka buga kowanne da yatsa, ka kasa kunne. Yaranmu na gareji suna kwaikwayonka a bayan idonka, ka sani sarai, ba ka taɓa fasawa ba. In kuka sauka kuwa, kafin ka cire hular kanka sai ka biyo ta garejinmu ka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu ka ce mun dawo, sannunku da aiki. A duk masu tashi, kai kaɗai ke yi mana haka. Lokacin da aka yi wa matata tiyata kai ka riƙa kai yarana makaranta har sati uku, da na zo godiya ka ce in daina ɓata maka lokaci.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne al'adarka ta kwana goma. Duk sojan da ke sha'awar komawa cikin jirgi wurinka yake fara zuwa da fom ɗinsa. Ba ka taɓa zuga kowa ba. Zaunar da shi kake yi ka zayyana masa abin da babu a takardar talla: cewa a baya zai zauna inda babu taga, cewa zai yi amai har ya raina kansa, cewa in an sauka lafiya matuƙi za a yi wa hoto, cewa za a haifa masa ɗa yana wata ƙasa, cewa wasu sun tashi ba su dawo ba. Sannan ka faɗa masa daɗin, a taƙaice, kamar mai jin kunya. Daga nan sai ka karɓi fom ɗin ka jefa a lokarka, akwatin ƙarfen da kake ajiye kayanka, ka kulle, ka ce ya je ya yi kwana goma. In ya dawo da ƙafarsa a rana ta goma, ka miƙa masa, ka tsaya masa har ya ci jarrabawa. In bai dawo ba, ba ka aika a kira shi, ba ka kuma sake tada maganar.

Na san wannan da kyau domin ni ma na kawo maka nawa, shekara goma sha tara da suka wuce. Ka nema min izini na bi ku tashi ɗaya. Da muka sauko ko waiwaye ban yi ba, na wuce gareji. Rana ta goma ta zo ta wuce ina ƙarƙashin injin, na ƙi ko kallon ɓangaren ɗakinku. Na gaya wa mutane matata ce ke da ciki, amma gaskiyar magana tsoro ne ya kama ni. Na yi wata guda ina kauce maka, sai ga ka a gareji ka ƙwanƙwasa sau biyu kamar kullum. Iyakar abin da ka ce min shi ne, "Sifana, ai gara da ka tsaya, ina son in san hannun da ya ɗaure min injin." Daga ranar ban sake jin kunyar aikina ba.

Ranar Alhamis, shida ga wata, kuka ɗauko janaretan asibiti da mutum ashirin da takwas, yawancinsu ma'aikatan jinya. Hadari ya rutsa da ku a hanya. Wata nas da ke cikin jirgin ce ta ba ni labari, tana yi tana kuka. Ta ce jirgi ya faɗa ƙasa ya sake ɗagowa, ƙugiyar bel ɗaya ta karye, janaretan ya fara zamewa yana nufar kujerun da suke zaune. Doka ta ce a irin wannan lokaci kowa ya zauna a ɗaure. Kai ka kwance bel ɗin kujerarka. Ka rarrafa da sabon bel a hannu, ka maƙala shi, ka ja har ya kama, sannan jirgi ya sake girgiza ƙarfen ya matse ka da bango. Ta ce ko da suka janyo ka, abin da kake tambaya shi ne ko ɗaurin ya riƙe. Ya riƙe, Sajan. Mutum ashirin da takwas sun sauka da ƙafafunsu. Masu cewa me ya kai ka sama, su je su tambayi 'ya'yan waɗannan mutane.

Yanzu ga abin da ka bar min. Babbar 'yarka kofur ce a garejina, shekara uku tana ƙarƙashina, kuma ba don 'yarka ba ce nake faɗa, hannunta ya fi na maza da yawa. Ranar Litinin, uku ga wata, ta kai maka fom ɗinta. Washegari ta zo tana dariya ta ce, "Baffa, ka ga Baba, ni ma kwana goma ya ba ni, kamar ba shi ya haife ni ba." Kwana goman za su cika ranar Alhamis, sha uku ga wata, ranar Juma'a kuma a rufe karɓar fom. Shekarunta sun kai iyaka, in ta rasa bana ta rasa ke nan har abada. Kuma fom ɗin ba ya tafiya sai da sa hannun shugabanta, wato ni.

Da aka ba ni mabuɗin lokarka don in kwashe kayanka, ƙaninka ya same ni a gareji. Ba mugun mutum ba ne, idanunsa jajir. Ya ce, "Don girman Allah ka yaga takardar yarinyar nan, ka ce ba ka gani ba. Gidan nan ya bayar da ɗaya, ya isa." Ya ce uwarta ba ta ci ba ta sha. Ba zan yi maka ƙarya ba, Sajan, na tafi wurin lokar nan da niyyar yin abin da ya ce. Yarinyar nan a hannuna ta girma, in wani abu ya same ta da wane ido zan kalli uwarta?

Na buɗe. Ga kakinka a rataye, ga kofin shayinka mai tsagaggen baki, ga fom ɗinta a sama. A ƙasa kuma ga wani ƙunshin takardu an ɗaure da guntun tsohon bel. Na kwance, ashe fom ɗin duk waɗanda ba su dawo ba ne, sun fi arba'in, ko ɗaya ba ka jefar ba. Can wajen ƙasa na ga nawa. Takardar ta yi ja, ga hotona da gashi cike da kai, ga rubutuna na yarinta. Na zauna a kan benci na yi kukan da ban yi ba a asibiti. Kai da ka ajiye na matsoraci shekara goma sha tara ko zai canja shawara, ni ne zan yaga na 'yarka a ɓoye? Haba! Na mayar da komai yadda na same shi na kulle.

Amma ban kai mata ba, ban kuma aika mata ba, domin ba haka kake yi ba. Ranar Alhamis na zo tun ƙarfe takwas na zauna a bencin nan. Tana gida, an ba ta hutun rasuwa, babu wanda zai ga laifinta in ba ta zo ba. Rana ta take, shiru. Jirage biyu suka tashi suka dawo. Ƙarfe uku ta wuce, huɗu ta wuce, har na fara jin wani sauƙi a raina, ina jin haushin kaina da jin sauƙin. Huɗu da rabi sai na ji an ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu. Na miƙe tsaye.

Ta shigo cikin kaki, idanu a kumbure, ta sara min. Ta ce, "Baffa, yau kwana goma."

Na ce, "Kin ga abin da aikin nan ya yi masa?"

Ta ce, "Na gani. Ni ce na riƙe hannunsa har ya cika."

Na ce, "Mamanki fa?"

Ta dubi hannun rigarta, ta ce, "Ita ta goge min kakin nan da safe. Ba ta ce min komai ba."

Na buɗe lokar na miƙa mata. Na sa hannu. Ranar Juma'a da safe ta kai shi ofis da kanta.

To, masu magana su ci gaba. Na ji an ce Sifana ba shi da tausayi, ya tura marainiya inda ubanta ya mutu. Ban tura ta ba, ban kuma tare ta ba, kuma ko gobe aka sake haka zan yi. Ga ƙananan sojojin da suka janye fom ɗinsu a wannan satin, babu mai zaginku, ni ma na taɓa tsayawa a ƙasa kuma ƙasa tana buƙatar mutane. Amma kada wani ya ce muku Sajan ya yi zaɓen banza. Na roƙi kwamanda ya bar min lokar nan, ya amince. Duk mai son tashi ya kawo fom ɗinsa, zan faɗa masa abin da na ji daga bakinka, in kulle, ya je ya yi kwana goma.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta shekara ashirin da shida tana sauraron ƙarar jirgi kafin ta sauke ajiyar zuciya, kuma ta yarda ta sake sauraro. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya saka mata. Ina yi wa 'ya'yanka huɗu ta'aziyya, Allah Ya raya su Ya tsare su a sama da ƙasa. Ina yi wa ƙaninka, wanda har yau bai amsa gaisuwata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ina yi wa abokan tashinka da makanikan garejinmu.

Allah Ya jiƙanka, Sajan, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka makwanci, Ya haskaka shi. Allah Ya sa rayukan nan ashirin da takwas su yi nauyi a mizaninka ranar da za a auna kowa. Mu kuma da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.