Jitar Kawu Lucius a Ƙofar Maƙabarta

Har yau in na tuna da Hosea Crump, dattijon cocinmu, sai raina ya ɓaci.

Kawuna Lucius Pettway ya shekara hamsin yana kaɗa jita a ƙauyukan bakin kogin Mississippi. Sauran ranaku tuƙin tarakta a gonar auduga, ran Asabar kuwa kiɗan buluz, kiɗan kukan zuci, a wurin suyar tarwaɗa. Wuyan kwalba yake yankewa ya goge, ya zura a ƙaramin yatsa, ya riƙa jan sa a kan tsirkiya har jitar ta yi kuka kamar mutum. Ni dai ban taɓa jin kiɗan da ke ratsa ni irin nasa ba. Amma a wurin 'yan cocinmu kiɗan Shaiɗan ne, mai yin sa sai ya ajiye jita ya tuba a gaban jama'a. Kawu bai tuba ba.

Matarsa Ozella, wadda ba ta taɓa fashin coci ba, abu ɗaya ta roƙe shi kafin ta cika: ya kaɗa mata kafin a rufe ta.

Ranar jana'iza Kawu ya iso da jitarsa, sai Crump ya tare ƙofar maƙabarta.

"Ɗan'uwa Lucius, kai ka shiga. Katakon nan ya tsaya waje."

"Ita ta ce in zo da shi."

"Ba ita ke da filin ba."

Na ce, "Hosea, kai da ka kashe takalmi wajen taka rawar kiɗan nan kafin a ba ka kujerar gaba? Ba ka jin kunya?"

"Vernice, kama bakinki, ga gawa nan tafe."

Ga ta nan kuwa, maza shida riƙe da akwatin. Kawu ya dubi ƙofa, ya dubi jita. Na ɗauka zai miƙo mini ita. Sai ya ja da baya ya jingina da shinge, ya zura wuyan kwalbarsa a yatsa.

Da mazan nan suka zo daidai shi, sai suka tsaya cak, suka sauke akwatin a kan ciyawa, nan waje.

"Lafiya?" in ji Crump.

Babbansu ya share gumi. "Inna Ozella ta yi nauyi, Dattijo. Bari mu ɗan huta."

Matar da ciwo ya cinye, ko buhun gari ba ta kai ba!

Kawu ya kaɗa mata waƙar cocin da ta fi so, a hankali, baiti huɗu, bai rage ko ɗaya ba. Tsofaffin mata masu fararen kaya suka kama amshi ƙasa-ƙasa. Crump sai duban agogo yake yi. Mazan ba su ɗaga akwatin ba sai da tsirkiyar ƙarshe ta yi shiru.