Kwanon da Nake Cinyewa Ni Kaɗai

A gidan hayarmu na unguwar Zango a Kumasi maza ba sa cin abinci a ɗaki. Bayan magariba kowace mace takan aiko da kwanon mijinta zaure, mu jera su a tabarma, mu buɗe ɗaya mu cinye, mu jawo na gaba. Tuwon matata da miyar ayoyo, wato lalo, ake fara buɗewa, har wani tela maƙwabcina yakan ce girkinta ya fi ƙarfin talaka irina.

Sai aka gano ina da cutar ƙanjamau. Matata kaɗai na gaya wa. Aka gwada ta, ba ta da ita, ta kuma ce tana nan daram. Amma Kumasi ƙaramin gari ne in kana da abin ɓoyewa. Wani ya hango ni a layin karɓar magani a asibitin unguwar Bantama, labari ya riga ni isa gida.

Ba wanda ya kore ni ko ya gaya mini baƙar magana. Da ma sun yi, da na san da wa zan yi faɗa. Sai dai aka koma ɗibar mini nawa a murfi, wai girmamawa. Kwanonmu kuwa ya zama na ƙarshe, in an zo kansa kowa ya yi hamdala ya wanke hannu, har telan nan mai ci kamar gara. Na gaya musu likita ya ce ba a ɗauka ta abinci. Suka ce ai haka ne, Allah ya sawwaƙe, suka watse. Ban taɓa sanin kaɗaici irin na zauren nan ba.

Babban tsorona kada kwanon ya koma mata a cike. Girkin nan shi ne abin alfaharinta a gidan, ban so ta san an guje shi saboda ni. Sai in zauna ni kaɗai in tura tuwon taro, ina ci ina jin haushi, in kai mata kwano fes in ce yau ma sun yaba.

Wata rana na buɗe na tarar da malmala ɗaya tak, da tsokar nama a kai. Na shiga cikin gida na same ta tana wanke-wanke, na tambaye ta ko garin masara ne ya ƙare.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Maigida, cikinka ɗaya ne. Ka daina wahalar da shi saboda ni."